Idan ciwon sukari ya zo da furfura: abin da za a ci da yadda za a karanta na'ura

Ranar da likita ya ce wa mai shekara 65 ko 70 yana da ciwon sukari, yawanci ba shi ne ke fara rikicewa ba, mutanen gidansa ne. Nan take a ɓoye sukari, a ɗauke burodi, a hana shinkafa, a hana 'ya'yan itace, wani ma ya ce nama da ƙwai su ma a bari. Bayan mako uku sai ka ga dattijo ya rame, wando na zamewa, ba ya miƙewa daga kujera sai ya dafa bango, amma na'urar gwajin sukari tana nuna 80, kowa yana murna wai sukari ya kwanta. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido. Ciwon sukarin da ya sami mutum da furfura ba a bi da shi kamar na mai shekara 40, kuma yawancin kurakuran watannin farko daga rashin sanin wannan bambanci suke fitowa.

A fara da lambobi, tunda da su za a riƙa magana daga yanzu. Na'urorin gwaji iri biyu ne: wasu suna ƙirgawa da mg/dL, wasu da mmol/L. Idan aka raba ta farko da 18 an sami ta biyu, wato 126 mg/dL daidai take da 7.0 mmol/L. A duba fuskar na'urar a tabbatar da wacce ake amfani, domin wanda ya saba jin ana cewa ɗari da ashirin, in ya ga 7 zai ɗauka sukari ya ƙare a jiki, ya ruga ya dama sukari ya ba mai lafiya ƙalau. A nan zan yi amfani da mg/dL.

Ana tabbatar da ciwon ne idan sukarin jini ya kai 126 bayan awa takwas ba a ci komai ba, ko ya kai 200 awa biyu bayan an sha giram 75 na gulukos a ɗakin gwaji, ko kuma gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin jini na kusan wata uku, ya kai kashi 6.5. In babu alamomi bayyanannu kamar yawan fitsari da ƙishirwa da rama, ana maimaita gwajin kafin a yanke hukunci. Ba baƙon abu ba ne: ƙiyasin ƙungiyar masu ciwon sukari ta duniya na shekarar 2019 ya nuna kusan mutum 1 cikin 5 na waɗanda suka kai shekara 65 suna da shi.

Me ya sa ba a korar lambar har ƙasa

Illar sukari mai ɗan yawa a hankali take zuwa. Shekaru take ɗauka tana cin ƙananan jijiyoyin ido da ƙoda da ƙafa. Illar sukarin da ya faɗi kuwa ta yau ce: jiri, faɗuwa, karayar ƙugu, rikicewar bugun zuciya, suma. Mai shekara 40 yana da shekaru masu yawa a gabansa da zai kare idonsa a cikinsu, kuma jikinsa yana jure faɗuwar sukari. Mai shekara 78 da ke da ciwon zuciya lissafinsa daban ne. Wani babban bincike mai suna ACCORD, da aka yi a Amurka da Kanada kan mutum sama da 10,000, ya gwada matsa wa sukari da magunguna har HbA1c ya sauka ƙasa da kashi 6. A shekarar 2008 aka dakatar da wannan ɓangare kafin lokacinsa, saboda mace-mace sun fi yawa a cikin waɗanda aka matsa wa. Tun daga nan likitoci suka ƙara yin taka-tsantsan da manya.

Ƙungiyar masu ciwon sukari ta Amurka ta kasa tsofaffi gida uku, kuma rabon yana da ma'ana. Wanda ke da ƙarfinsa, ƙwaƙwalwarsa garau, ba shi da tarin cututtuka, ana nema masa HbA1c ƙasa da kashi 7 zuwa 7.5, da sukarin safe kafin a ci komai tsakanin 80 da 130. Wanda ke fama da cututtuka da dama, ko mantuwa ta fara taɓa shi, ko yana buƙatar taimako a harkokinsa na yau da kullum, ƙasa da kashi 8 ya wadatar, sukarin safe 90 zuwa 150. Wanda jiki ya yi wa rauni sosai ba a bin HbA1c ɗinsa, abin da ake tsarewa shi ne kada sukari ya faɗi, kada kuma ya hau har ya sa shi yawan fitsari da bushewar jiki. Tambayar farko da ya kamata a yi wa likita ita ce a wane rukuni mutum yake. Kafin a sami amsarta, duk lambar da na'ura ta nuna ba a san abin da za a auna ta da shi ba.

Gwajin kansa

Na'urar tana da sauƙin aiki, amma kuskure a cikinta ma sauƙi gare shi. A wanke hannu da sabulu da ruwa mai ɗumi, a tsane shi sarai. Wankin ba don tsabta kaɗai ba ne. Wanda ya ɓare lemu ko ayaba ya gwada bai wanke hannu ba, sukarin da ke kan fata zai gauraya da ɗigon jinin, na'ura ta nuna 250 alhali jinin 130 ne. Hannu mai laima kuma yana tsinka jinin, lamba ta fito ƙasa da gaskiya. In da auduga mai sifirit aka goge, a jira ya bushe. Ruwan ɗumi yana buɗe jijiyoyi, jini ya fito ba wahala, abin da ke da amfani ga tsoho mai sanyin hannu.

A sa tsinken gwaji, wato siririn abin da ke zuƙar ɗigon jini, a na'ura, a jira alamar ɗigo ta bayyana. A huda gefen kan yatsa, ba tsakiyar tafinsa ba, domin tsakiya ta fi zafi kuma da ita ake riƙe abubuwa. Yatsan tsakiya da na kusa da ƙarami sun fi dacewa, a riƙa sauyawa. Alƙalamin hudawa yana da lambobin zurfi, a fara da ƙarama, a ƙara sai in jini ya ƙi fitowa. Kada a matse kan yatsa da ƙarfi, matsar tana fito da ruwan nama ya gauraya da jini. A sauke hannun ƙasa na ɗan lokaci, a shafo yatsan daga gindinsa zuwa kansa. A kai bakin tsinken ga ɗigon ya zuƙa da kansa. Allurar hudawa kuma a sauya ta, domin wadda aka maimaita ta dakushe, ita ce ke sa mutane su tsani gwaji.

Tsinkayen su ne suka fi lalacewa ba a sani ba. Zafi da laima suna kashe sinadarin da ke kansu. Kwalbar da aka bari a buɗe, ko aka ajiye cikin mota, ko a banɗaki, ko aka juye tsinkayenta cikin wani gwangwani, ba abin dogaro ba ce. A duba ranar ƙarewar wa'adi, a kuma rubuta ranar da aka fara buɗe kwalbar, domin wasu kamfanoni suna iyakance watannin amfani bayan buɗewa.

Akwai wani abu da ke tayar wa mutane hankali ba gaira ba dalili: a gwada yatsa ɗaya a ga 142, a sake gwada wani a ga 158, sai a ce na'ura ta lalace. Ba ta lalace ba. Ma'aunin ingancin da aka amince da shi a duniya tun 2013 ya yarda na'ura ta kauce da kashi 15 cikin ɗari sama ko ƙasa idan sukari ya kai 100, ko da 15 mg/dL idan bai kai ba. Jinin da ainihin sukarinsa 150 ne zai iya fitowa 130 ko 170. Saboda haka lamba ɗaya ba ta yanke hukunci, yanayin lambobin mako guda ne ke magana. Sai dai in lamba ta saɓa da yadda mutum ke ji, a sake wanke hannu a sake gwadawa da sabon tsinke.

Gwaji bibbiyu

Yawancin mutane da safe kaɗai suke gwadawa, kullum a lokaci ɗaya, su cika littafi da lambobi masu kama da juna waɗanda ba su koya musu komai game da abinci ba. A ganina wannan ɓarnar tsinke ce. Abin da ke koyarwa shi ne gwaji bibbiyu: sau ɗaya dab da fara cin abinci, sau ɗaya bayan awa biyu da ɗaukar lomar farko. Lomar farko, ba ta ƙarshe ba. Yau a yi wa karin kumallo, gobe abincin rana, jibi na dare, a ci gaba da zagayawa na mako biyu zuwa huɗu. Tsinke biyu ke nan a rana.

Abin da ake so ga yawancin mutane shi ne lambar bayan abinci kada ta haura 180. Idan ta haura, ko tazarar da ke tsakanin lambobin biyu ta wuce 50 zuwa 60, wannan abincin a wannan yawan ya fi ƙarfin jiki. A ce mutum ya fara da 120, ya ci kofi biyu na dafaffiyar shinkafa da miya, ya ga 235. Ba hana shinkafa za a yi ba. Wata rana a zuba kofi ɗaya, a cike gurbin da ganye da kifi, a sake gwadawa. In ta fito 170, an gano ma'auninsa. A riƙa sauya abu ɗaya kawai a kowane gwaji. Wanda ya rage shinkafa, ya ƙara tafiya, ya sauya lokacin magani duk a rana ɗaya, ba zai san wanne ya yi aiki ba.

Littafin rubutu ya ƙunshi rana, lokaci, lamba, abin da aka ci da yawansa, magani, da duk wani abu na daban kamar zazzaɓi ko rashin barci. Lamba ba tare da abincin da ya haife ta ba ba ta da amfani ga likita.

Wanda ƙwayar maganin sukari ta metformin kaɗai yake sha, ko abinci kaɗai yake kiyayewa, bayan waɗannan makonni zai iya rage gwaji ƙwarai, ya dawo gare shi idan an sauya magani ko ya yi rashin lafiya. Wanda ke kan allurar insulin, sinadarin da ke saukar da sukarin jini, ko ƙwayoyin da ke tilasta wa jiki fitar da shi, kamar glibenclamide da gliclazide da glimepiride, shi gwaji ya zame masa dole: da safe, kafin barci, kafin tuƙi, da duk lokacin da ya ji wani iri. A Birtaniya shawarar da ake ba irin waɗannan direbobi ita ce in lamba ta yi 90 ko ƙasa a ci wani abu tukuna, in ta gaza 72 kada a tuƙa.

Faranti

Abin da ke ɗaga sukarin jini ba sukarin shayi kaɗai ba ne. Duk abinci mai sitaci, shinkafa, burodi, taliya, masara, alkama, dankali, rogo, yana narkewa ya koma gulukos. Nama, kifi, ƙwai, mai da ganyaye ba sa ɗaga shi sosai. Wake da madara da 'ya'yan itace suna tsakiya. Aikin shi ne a san yawan sitacin kowane zama a kuma rarraba shi a wuni, ba a kawar da shi ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce faranti mai faɗin santimita 23. Rabinsa ganye da kayan lambu marasa sitaci: kabeji, alayyahu, latas, kuɓewa, tumatir, kokwamba, koren wake. Kashi ɗaya cikin huɗu abinci mai gina jiki. Sauran kashi ɗaya cikin huɗu mai sitaci, kuma a shimfiɗe, ba a tula shi kamar tsauni ba. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a makonnin farko idon bai koyi sabuwar kimar ba, don haka a sami kofi guda mai cin mililita 240 a riƙa aunawa da shi har ido ya saba.

Ga wanda ke son ƙidaya, ana lissafi da giram 15-15. Yankan burodi ɗaya giram 15 ne na sitaci. Kashi ɗaya cikin uku na kofin dafaffiyar shinkafa ko taliya haka, wato cikakken kofi giram 45 ke nan. Ƙaramar tuffa ɗaya ko lemu matsakaici ko rabin babbar ayaba, 15. Kofin madara 12. Rabin kofin dafaffen wake kusan 20, amma yana shiga jini a hankali saboda ɓawonsa da furotin, wato sinadarin gina jiki, da ke cikinsa. Giram 45 zuwa 60 a kowane babban abinci wurin farawa ne ga mutane da yawa, na'ura ce za ta ce a rage ko a ƙara.

Abin da ya cancanci a daina baki ɗaya shi ne sukarin da ake sha. Gwangwanin lemo mai mililita 330 yana ɗauke da kusan giram 35, wato cokalin shayi tara, kuma ba abin da ke tare shi a ciki. Ruwan 'ya'yan itace da aka matse, ko ba a sa masa sukari ba, kusan haka yake. A ci lemun da totuwarsa, kada a matse. Zuma kuma, duk da kyakkyawan sunan da take da shi, babban cokali ɗaya nata giram 17 ne na sukari. Burodi mai duhu sitacinsa bai bambanta da na fari sosai ba sai in da cikakkiyar ƙwayar alkama aka yi shi. Biskit da aka rubuta masa "babu sukari" fulawa ce, fulawa kuwa sitaci ce.

Dabaru biyu suna aiki ba tare da an rage komai ba. Na ɗaya, a fara cin ganye da nama ko kifi, sitaci ya zo daga baya, tashin sukarin yakan ragu. Na biyu, tattaki na minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci, ko a cikin gida ne, domin tsoka mai aiki tana janye gulukos daga jini. Duk biyun ana iya tabbatar da su da gwaji bibbiyu.

Inda abincin tsoho ya sha bamban da na kowa shi ne furotin. Tsoka tana zaizayewa da shekaru, kuma ita ce babbar ma'ajiyar gulukos a jiki. In ta ragu, sukari ya ƙara wuyar sarrafawa, ƙafa ta yi rauni, faɗuwa ta zo. Masana abincin tsofaffi suna ba da shawarar giram 1.0 zuwa 1.2 na furotin ga kowane kilo na nauyin jiki a rana. Mai kilo 60 yana buƙatar giram 60 zuwa 72. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, kofin madara 8, kofin dafaffen wake kusan 15, yankan kifi ko kaza mai girman tafin hannu 20 zuwa 25. A raba shi gida uku, kada a tara duka da dare. Mai ciwon ƙoda kaɗai ne zai jira likita ya faɗa masa nasa adadin.

Kuma a duba baki. Wannan ana yawan mantawa da shi. Wanda haƙoransa suka zube ko suke ciwo zai gudu daga nama da ɗanyen ganye ya koma shayi da burodi da duk abin da aka dama ya yi ruwa-ruwa, kuma abincin da ya fi laushi da narkewa shi ya fi saurin ɗaga sukari. Maganin shi ne mai gina jiki mai laushi: ƙwai, kifi, niƙaƙƙen nama, waken da ya dahu luguf, yogot marar sukari, ganyen da aka yanka ƙanana aka dafa cikin miya. Gishiri kada ya wuce giram 5 a rana, kusan cokalin shayi ɗaya, tunda hawan jini abokin tafiyar wannan ciwo ne.

Batun rage ƙiba a yi shi da lura. Binciken DiRECT na Birtaniya, da aka wallafa a 2017, ya nuna kashi 46 cikin ɗari na waɗanda suka bi tsarin rage nauyi mai tsanani sukarinsu ya koma daidai ba magani bayan shekara guda. Labari ne mai daɗi, amma waɗanda aka yi binciken a kansu masu ƙiba ne 'yan shekara 20 zuwa 65. Dattijo mai ƙiba da ƙarfi zai amfana da rage kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na nauyinsa sannu a hankali, tare da motsa tsoka sau biyu a mako. Siriri ko mai rauni ba ya buƙatar rage komai. Wanda kuma yake ramewa ba da niyya ba, musamman in da ciwon ciki ko na baya ko rashin sha'awar abinci, ya gaya wa likita da wuri. A wasu ƙalilan, sukarin da ya ɓullo kwatsam bayan shekara 50 alama ce ta cuta a fankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi mai samar da insulin. A wasu kuma nau'in ciwon sukarin da ke buƙatar insulin ne ya zo a makare.

Idan ya faɗi

Ƙasa da 70 faɗuwa ce, ƙasa da 54 mai tsanani ce. Matashi yakan ji rawar jiki da gumi da bugun zuciya da yunwa tun da wuri. A jikin tsoho waɗannan gargaɗi sukan dusashe, abin da ake fara gani shi ne ruɗewa, harɗewar harshe, jiri, faɗa ba dalili, ko barci a lokacin da ba na barci ba. Iyali su ce tsufa ne, ko su ɗauka shanyewar ɓarin jiki ce. Magungunan zuciya irin su atenolol da propranolol suna ƙara ɓoye alamun, ban da gumi. Duk dattijon da ke shan maganin sukari ya canza hali farat ɗaya, a fara da huda yatsa.

In yana iya haɗiya, a ba shi giram 15 na sukari mai saurin shiga jini: cokalin shayi huɗu na sukari a ruwa, ko rabin kofin ruwan lemu, ko rabin kofin lemon kwalba na ainihi ba marar sukari ba, ko ƙwayoyin gulukos uku zuwa huɗu. A jira minti 15 a sake gwadawa. In har yanzu bai kai 70 ba a maimaita. In ya hau, a bi shi da abinci na sosai. Cakulan da biskit ba su dace da wannan ba, man da ke cikinsu yana jinkirta aikin. In ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a yi masa allurar gulukagon mai ɗaga sukari in akwai, a nemi asibiti. Faɗuwar da glibenclamide ya jawo tana iya dawowa bayan sa'o'i ko da an farfaɗo, domin maganin yana daɗewa a jiki, musamman in ƙoda ta yi rauni. Shi ya sa ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka ta sa shi cikin magungunan da ake gudun ba manya. Wanda aka rubuta masa shi yana da damar tambayar ko akwai madadi.

Sanadin faɗuwa kusan kullum ɗaya ne cikin waɗannan: an sha magani ba a ci abinci ba, an rage abinci sosai ba a rage magani ba, an maimaita magani saboda mantuwa, ko an yi aikin ƙarfi fiye da yadda aka saba. Na biyun shi ne tarkon sabon mai ciwo. Yayin da gyaran abinci ya fara aiki, adadin maganin da aka rubuta ranar farko zai iya yin yawa. Akwatin ƙwayoyi mai gidajen ranakun mako yana magance na ukun. Kuma ɗa ko 'ya da ke kula da mahaifi, maimakon "Baba, an hana ku wannan", gara "Baba, ku ci rabin, mu gwada bayan awa biyu mu gani". Dattijon da aka mayar yaro a kan abincinsa zai ci a ɓoye, littafin gwaji ya cika da lambobin da ba a san asalinsu ba.

Metformin shi kaɗai ba kasafai yake faɗar da sukari ba. Matsalarsa ciki ce, gudawa da tashin zuciya, shi ya sa ake farawa da miligiram 500 tare da abinci a ƙara a hankali. Ba a shan sa idan ma'aunin aikin ƙoda ya sauka ƙasa da 30, kuma bayan shekaru yana rage bitamin B12, wanda ƙarancinsa ke kawo dindiris a ƙafa da za a iya ɗora wa sukari alhali ba shi ba ne.

Idan ya hau

Zazzaɓi, ciwon mafitsara, ciwon haƙori, miki a ƙafa, duk suna ɗaga sukari ko mutum bai ci komai ba. Haka maganin prednisolone da danginsa da ake ba masu ciwon gaɓoɓi ko asma, wanda tasirinsa ya fi fitowa da rana da yamma, gwajin safe ba zai nuna shi ba. A ranakun rashin lafiya a gwada kowace awa uku zuwa huɗu, a yawaita ruwa, kada a daina insulin. In akwai amai ko gudawa a tuntuɓi likita a ranar, domin metformin da magungunan da ke fitar da sukari ta fitsari, kamar empagliflozin da dapagliflozin, ana dakatar da su har jiki ya dawo.

Haɗarin da ya keɓanta da tsofaffi shi ne sukari ya yi ta hawa kwana da kwanaki, fitsari yana kwashe ruwan jiki, mutum kuma ba ya jin ƙishirwa saboda jin ƙishirwa yana raguwa da shekaru, har lamba ta wuce 600, jini ya yi kauri, hankali ya gushe. Lamba sama da 300 sau biyu a jere, ko na'ura ta rubuta HI, wato sukari ya wuce abin da take iya aunawa, ko ruɗewa da bushewar baki da yawan barci, duk na asibiti ne a wannan rana.

Wani abin da ke ɗaure wa mutane kai: a kwanta da 130 a tashi da 155, ba a ci komai ba. Hanta ce. Gab da asuba jiki yana sakin sinadaran da ke sa ta zuba gulukos a jini don shirin farkawa. Ƙin cin abincin dare ba ya gyara wannan, ga mai shan maganin da ke faɗar da sukari ma haɗari ne. A gwada da misalin ƙarfe uku na dare sau ɗaya ko biyu a tabbatar ba faɗuwa ake yi cikin barci ba, a kai wa likita sakamakon.

HbA1c ana maimaita shi bayan wata uku, domin jajayen ƙwayoyin jini kimanin kwana 120 suke rayuwa. Kashi 7 yana nufin matsakaicin sukari kusan 154, kashi 8 kusan 183. Amma matsakaici ne, wanda ke lilo tsakanin 55 da 260 zai iya samun 7 mai kyan gani. Ƙarancin jini, sikila, ciwon ƙoda da ƙarin jini na kwanan nan duk suna karkatar da shi. In ya saɓa da littafin gwaji, a nuna wa likita duka biyun.

Akwai kuma na'urar da ake mannawa a dantse ko ciki tana aunawa dare da rana, irin FreeStyle Libre da Dexcom, waɗanda ake sauyawa bayan kwana 10 zuwa 15. Ga mai insulin, ko wanda ba ya jin alamun faɗuwa, ko mai rawar hannu da raunin gani, tana da amfani ƙwarai, kuma wasu suna aika ƙararrawa zuwa wayar mai kula da shi. Ruwan ƙarƙashin fata take aunawa, don haka tana baya da jini da minti 5 zuwa 15, kuma in aka kwanta a kanta takan nuna faɗuwar ƙarya. Abin da ake nema wa tsoho mai rauni a kanta shi ne fiye da rabin wuni tsakanin 70 da 180, da ƙasa da kashi 1 cikin ɗari na lokaci a ƙarƙashin 70.

Tun a watan farko a nemi gwajin bayan ido, gwajin ƙoda na jini da na fitsari, da duba ƙafa, domin ciwon yakan yi shekaru a jiki kafin a gano shi. Ƙafa kuma a riƙa dubawa kullum, har tsakanin yatsu, da madubi in sunkuyawa tana wuya. Gani yakan yi hazo a makonnin da sukari ke sauka, saboda ruwan da ke cikin ƙwayar ido yana sauyawa. Kada a yi gaggawar yanka sabon tabarau, a bari sukari ya daidaita na wata ɗaya zuwa biyu tukuna a je awon ido.